Ƙyallen da Kaka Ta Wanke Sau Goma

"…lafiya ƙalau, in ban da gwiwar nan. Ya aikin? Ya mutanen gidan da ka baro?"

"Duk suna gaishe ki. Sun ce in leƙo in ga ko har yanzu kina nan."

"Ina nan daram. Ka koma ka ce musu sai na ga furfura a kanka."

Dogo ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya sunkuya ya shiga ɗakin kakarsa. Hantsi ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta a gefen gado. A bango akwai agoguna bakwai, babu biyu a cikinsu da suka yarda da juna a kan ƙarfe nawa. Na mijinta ne, marigayi Mai Agogo, wanda ya shekara arba'in yana gyara agogon mutane, ya rasu shekara uku da suka wuce ya bar nasa ba mai saita su.

Ba gaisuwa kaɗai ta kawo Dogo ba. A ɗakin gwaji na wani kamfanin yadi yake aiki, kuma shekara biyu ke nan yana fama da abu guda: yadin da zai riƙe ƙamshi ko an wanke shi. Wata guda da ya wuce ya kawo wa Kaka wani farin ƙyalle, girmansa kamar ɗankwali, ya roƙe ta ta wanke masa shi da hannu sau goma, ta gaya masa ko ƙamshin ya tsaya. Makon jiya ta ce masa a waya ta wanke, ƙamshi yana nan. Shi kuma ya kai wa shugabarsa labarin da zafinsa. Yau Litinin. Ranar Alhamis zai tsaya gaban manyan kamfanin da ƙyallen a hannu, daga nan ko su bar shi ya ci gaba, ko su rufe aikin su mai da shi sashen auna ƙarfin zare.

Kaka ta dube shi sama da ƙasa, ta tsaya a kan hannuwansa.

"Mazan kirki da leda suke shigo wa matansu. Kai kullum hannu na dukan cinya."

"Na kawo miki kaina, Amarya. Mata nawa ne a layin nan suke da miji mai digiri biyu?"

"Digiri biyu a kan tsumma. Kakanka ko aji ɗaya bai shiga ba, amma ya buɗe cikin mataccen agogo ya sa shi ya tashi yana magana. Kai an kai ka makaranta tun kana fitsarin kwance, da aka ce me ka samo, sai ka ce ka koya wa ƙyalle ƙamshi."

"Ƙyallen na zo karɓa."

"Ka sha shayi tukuna."

"Na sha."

"Ka ƙara. Dubi wuyanka kamar mariƙin lema."

"Kaka, Madam ta ba ni awa biyu ne kawai. Ina ƙyallen?"

"Yana kan igiya."

"Ta gaban igiyar na wuce. Babu komai a kai sai zaninki guda da wata safa marar 'yar'uwa."

"To iska ta ɗauke."

"Iska ta bar safa ta ɗauki ƙyalle?"

"Iska ma ta san abu mai kyau."

Ya zauna a kan kujerar roba, ya miƙe ƙafafunsa har suka kusa taɓa kabad, ya naɗe hannu. Ta ga ba tashi zai yi ba. Ta yi tsaki, ta sa hannu ƙarƙashin matashin kai, ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit. A cikin gwangwanin akwai leda, a cikin ledar akwai wata ledar, a cikin ta biyun ƙyallen yake, a ninke. Ta ɗora shi a cinyarta ta dafe da hannu biyu.

"Ba zan ba ka ba sai ka gaya mini abin da ka sa a ciki. Wata guda ina kwana da abin nan a ƙarƙashin kaina, ban san ko asiri ka yi mini don in ƙara son ka ba."

"Ai da asiri ne da ya ci ki tuni. Har yanzu ko ruwa ba ki ba ni ba."

"Ga famfo can a tsakar gida. Ina jin ka. Turare dai na sani, in ka fesa da safe, kafin la'asar ya kama gabansa. Wannan kuma in ka shinshina shi haka kawai, shiru. Sai ka murza ya amsa. Wa ya koya masa jiran a taɓa shi?"

Dogo ya gyara zama. Duk saurin da yake yi, ba a taɓa yi masa wannan tambayar ya iya yin shiru ba.

"Kin san kafso na magani? Gari a ciki, ƙwanso a waje."

"Ni za ka tambaya? Safe da yamma nake haɗiyarsu, har na fara jin ina ƙara in na yi tafiya."

"To irinsa ne, sai dai namu turare ne a ciki. Kuma ƙanana ne ƙwarai. In kika jera goma, da kyar su kai kaurin gashin kanki guda."

"Ka bar gashin kaina inda yake."

"Ai shi ya bar ki."

"Za ka maimaita ranar da naka ya fara zubewa, don sanƙo a jininku yake. To wa ke ɗura turaren a cikin abin da ido ba ya gani? Kai, da yatsun nan naka kamar ayaba?"

"Ba a ɗurawa. Man turaren ake zubawa a ruwa, a sa inji ya yi ta kaɗawa. Kin san mai da ruwa ba sa shiri. In aka kaɗa da ƙarfi, man sai ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo, ruwan ya koma fari kamar madara. Sai a zuba wani sinadari, dangin roba ne, mu folima muke ce masa. A ɗumama ruwan, a bar shi yana juyawa awa uku ko huɗu. Shi kuma sinadarin sai ya bi kowane ɗigo ya lulluɓe shi, ya daskare a kansa ya zama fata."

"Shi da kansa? Ba wanda ya nuna masa hanya?"

"Da kansa. Inda mai ya haɗu da ruwa yake nema, nan yake son zama."

"Gwaggonka ke nan. Duk inda mutum biyu ba sa shiri, a tsakaninsu za ka same ta."

"Zan gaya mata."

"Ka gaya mata, ni na haife ta. Daga nan fa?"

"Daga nan a haɗa su da wani irin gam, a tsoma yadi a ciki, a matse, a busar da zafi. Sai su maƙale a tsakanin zaren. In kika murza, ko kika juya a kan zanin gado, wasu su fashe, ƙamshi ya tashi. Sauran suna nan suna jiran nasu lokacin."

"To ina wahalar, da har ka shekara biyu ka rame?"

"Fatar. In ta yi kauri, ko da guduma kika bi ta ba ta fashewa, yadi ya zauna kamar ba a sa masa komai ba. In ta yi siriri, wanki ɗaya ta tafi. Tsakiyar nake nema."

Kaka ta ɗaga ƙyallen ta kara shi da hasken taga, ta ƙanƙance ido.

"Su nawa ne a nan?"

"Miliyoyi."

"Ka ƙirga?"

"Akwai madubi mai ƙara girman abu. Muna ƙirga na ɗan wuri, mu lissafa sauran."

"Wanda ya fashe, yana komawa ya haɗe?"

"Ba ya komawa."

"Ba sa haihuwa?"

"Kaka."

"Tambaya na yi. Miliyoyi a wuri ɗaya, wata guda a cikin duhu, ka ce ba abin da ya faru."

"Ba sa haihuwa."

"Suna ƙarewa ke nan."

"Suna ƙarewa."

Ta gyaɗa kai kamar wadda likita ya gaya wa abin da ta riga ta ji a jikinta. Ta miƙa masa ƙyallen, amma ba ta saki gefenta ba sai da ya ja.

Ya warware shi a kan gwiwarsa. Ya daɗe yana kallo. Ya juya bayansa, ya sake juyowa, ya lanƙwasa gefe ya ji taurinsa.

"Amarya."

"Na'am, Angon ƙarya."

"Sau nawa kika ce kin wanke?"

"Goma. Na goman ma har da ɗauraya biyu."

"Da wane sabulu?"

"Mai kumfa."

"Kin ga wannan shuɗin layin a gefe? Allin tela ne. Ni na ja shi da hannuna ranar da zan yanka ƙyallen. Ko yawu kika sa masa zai goge."

"Allin zamani ne, ba ya jin ruwa."

"Yana ji."

"To kewaye shi na yi. Na ga kamar rubutu ne, na ce kada in goge maka ilimi, dama ba shi da yawa."

"Ninkin nan fa? Har yanzu yana nan yadda na ninke shi a kan teburina, gida huɗu."

"Guga na yi."

"Dutsen gugarki yana gidanmu tun bara, wayarsa ta ƙone."

"Zama na yi a kai."

"Kaka, ƙyallen nan bai taɓa ganin ruwa ba."

"Ya gani. Ranar da aka yi ruwan sama na nuna masa ta taga."

Bai yi dariya ba, ko da yake bakinsa ya so. Ya ajiye hannu a goshi. Ƙyalle biyu kacal suka fito daga wannan haɗin, ɗaya ya shiga injin wanki na ɗakin gwaji, ɗayan ga shi nan kamar yadda ya bar shi. Kayan da zai sake haɗa wani sai bayan mako biyu za su iso.

Yana cikin wannan tunani yatsansa ya ci karo da fil. An soke shi ne kusa da gefe ɗaya. Da ya duba da kyau sai ya ga 'yan ƙananan huji a jere, layi-layi, tun daga kusurwa har zuwa inda fil ɗin yake, tsakanin kowane huji da na kusa da shi faɗin babban yatsa.

"Wannan kuma fa? Ɗinki kika fara?"

"Ba ruwanka."

"Ƙyallen kamfani ne, da ruwana."

Ta kau da kai wajen agogunan. Ɗaya daga cikinsu ya buga tara, alhali goma ta wuce.

"Ranar da ka kawo shi, kana fita na murza kusurwar can. Na yi ta murzawa har yamma. Kashegari ma haka. Rana ta uku na murza, shiru. Na matsa gaba kaɗan, ya amsa. Sai na gane abin rabo-rabo ne, inda ka cinye ka cinye. To ni ba digiri gare ni ba, amma na iya tattalin abin da ba a sayarwa. Kowace safiya wuri ɗaya, faɗin yatsa, murza ɗaya. In na gama in soke fil, don kada gobe in koma inda ya mutu, ko in tsallake inda yake da rai."

Dogo ya bi layin hujin da ido yana motsa baki. Ya manta da fushinsa na ɗan lokaci.

"Murza ɗaya yana kai ki wane lokaci?"

"In na rufe taga, har azahar."

"In kika koma wurin jiya fa?"

"Yana ɗan amsawa, kamar mai magana daga ɗaki na biyu. Na shekaranjiya kuwa sai ka matsa masa."

"Wannan ai gwaji ne kika yi. Mu ba mu taɓa auna shi haka ba."

"To ka kai wa Madam ɗinka, ka ce matarka ta fi ka kai."

"Ba shi ta tambaya ba. Wanki ta tambaya. Kin sa na je na faɗi abin da ba a yi ba, a gaban mutum huɗu. Me zai hana ki ce mini ba za ki iya ba?"

Kaka ta juyo gaba ɗaya, ta gyara zaman ɗankwalinta. Duk wanda ya tashi a gidan ya san wannan gyaran.

"Ka gama? To yanzu ni zan yi tambaya. Turaren wa ka zuba a ciki?"

"Turare ne kawai."

"Kamfaninku ba su da turare?"

"Suna da shi. Na lemo, da na fure. Ranar ma'ajin yana kulle, mai riƙe da mabuɗi ya tafi asibiti."

"Allah ya ba shi lafiya. Sai ka biyo ta nan, ka aike ni in kawo maka ruwa, ka buɗe kabad ɗina, kwalbar kakanka ta yi ƙafa ta shiga aljihunka. Ka zaci ban sani ba? Ƙurar da ke wurin har yanzu da zanen gindinta."

Ya sosa ƙeya. Kwalbar ƙarama ce, ruwan ƙasa, ba takarda a jikinta. Mai Agogo da kansa yake haɗa abin da ke ciki daga man turare kala uku, bai taɓa gaya wa kowa ko waɗanne ba ne.

"Murfin ya tsage, Kaka. Duk zuwan da na yi sai in ga ya ragu. Saura ɗan abin da ya kwanta a gindi. Da an ƙara wata shida, da kwalba kawai za ki riƙa buɗewa."

"Da ka tambaye ni."

"Da kin ba ni?"

"Da na fasa maka kai."

"To kin gani."

"Ɓarawo mai dalili. Shi ya fi kowane ɓarawo ciwo." Ta nuna ƙyallen da haɓa. "To ka sace, ka ɗure shi a 'yan ƙwansonka, ka kawo mini. Me ya hana ka ce, ga shi Kaka, na ajiye miki shi inda ba zai gudu ba? Sai ka ce in wanke. Sau goma. Ka ba ni mutum, ka ba ni sabulu."

"Aiki ne. Dole a gwada."

"Kalli nan."

Ta ɗaga hannuwanta biyu. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, na tsakiya sun karkace, ba sa rufuwa.

"Yaushe rabon da ka ga na matse tsumma? Mai wanki duk Asabar yake zuwa, kai da kanka ka samo mini shi. Yana nan bakin titi, hannunsa kamar faranti. Ga uwarka, ga ƙannenka mata, ga kai kanka in ba ƙyuya ba. Duk ka tsallake su, ka kawo wa tsohuwar da ko maɓallin riga sai an ɓalle mata."

Dogo ya sunkuyar da kai, ita kuma ta ci gaba.

"Ɗayan ƙyallen, wanda ya shiga inji. Ya ya yi?"

"Ya yi."

"Dube ni."

"Har wanki na shida yana nan da ƙarfinsa. Na bakwai ya fara ja da baya. Na goma sai ka sa hanci sosai."

"Wankin hannu kuma ya fi na inji mugunta."

"Wani lokaci. Ya danganta da mai wankin. Amma yawancin masu sayen yadinmu da hannu suke wanki, shi ya sa manya suka fi son jin wannan."

"Sai ka ji tsoro. Ka nemi wanda zai ce maka eh, ka rasa, sai ka tuna kana da mata. Da na ce maka a waya na wanke, ka tambaye ni da wane ruwa? Wace rana? Wa ya matse? Kai da ko shayi aka ba ka sai ka tambayi cokali nawa aka sa. Cewa ka yi, madalla Kaka, ka kashe wayar da sauri kamar ta ƙona ka. Ka san ban wanke ba. Ƙarya kake so, amma wadda ba daga bakinka ta fito ba."

Agogunan suka ci gaba da tafiyarsu, kowa da hanyarsa. Dogo ya kalli ƙyallen, ya kalli ƙafafunsa.

"Ban zauna na shirya shi haka ba."

"Na sani. Irin wannan ba a zama a shirya shi. Shi yake shirya mutum."

"Ke ma dai kin yi."

"Na yi. Ni tawa ƙaryar ta miji ce. Taka ta albashi."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ninke ƙyallen yadda yake, gida huɗu, ya ɗora mata a cinya.

"Riƙe abinki. Zan gaya wa Madam ba ni da sakamakon wankin hannu."

"Sai su yi yaya da kai?"

"Sai su mai da ni auna zare."

"Me ake yi a can?"

"A ɗaura zare a inji, a ja har ya tsinke, a rubuta. A ɗaura wani."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ni ba zan zauna da mijin da aikinsa tsinka zare ba. Me zan ce wa mata?" Ta shafa ƙyallen a hankali, ba ta danna ba. "Kamar yaya kake buƙata?"

"Me?"

"Kurma ne kai? Gwajin. Dole sai duka?"

Ya auna ƙyallen da ido. "Tafin hannu biyu zai isa. Amma sai inda ba ki taɓa ba. Inda kika murza ya riga ya lalace."

"Wato mai kyan kake so."

"Shi ne kwana nawa a lissafinki?"

"Kada ka sa in lissafa. Miƙo almakashi, yana cikin aljihun kabad, tunda ka san hanyar wurin."

Ya ɗauko. Ta shimfiɗa ƙyallen a kan gado, ta ɗora tafin hannunta a kusurwar da fil bai kai ba.

"Ɗaya. Biyu."

"Tafin hannuna, Kaka, ba naki ba."

"Ba ka faɗa ba."

"Naki ko hankici bai kai ba. In na wanke wannan sau uku zai ɓace a cikin kumfa."

"Mugu. Sa naka in gani."

Ya ɗora nasa. Ta kalli girman wurin da ya rufe, ta ja numfashi, ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya ciyar da shi har ya yi wannan hannu, sannan ta tuna ita ce. Yatsunta ba su shiga kunnen almakashin ba, don haka shi ya yanka, ita tana riƙe da gefe tana cewa ya karkata, ya ci mata, ya dawo. Duk inda bakin almakashin ya bi, ƙwanson da ke kan hanya suna fashewa, ƙamshin ya tashi ya cika ɗakin, mai nauyi, da ɗan ɗaci a ƙarshensa. Ya kai ƙarshen yankan, ya ajiye almakashin.

"Yau wanki huɗu, gobe uku, jibi uku," in ji Dogo. "Da ranar nan awa ɗaya ya bushe. Zan kai wa mai wanki."

"Ba inda za shi. A nan za a wanke, a gabana, kuma kai za ka wanke. Amma kafin ka taɓa ruwa, kira matar nan."

"In na koma zan gaya mata."

"In ka koma za ka sami wani dalili a hanya. Kira."

Ya kira. Ya tashi tsaye, ya juya wa Kaka baya, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce sakamakon da ya kawo makon jiya ba daidai ba ne, ba a yi wankin ba, kuma laifinsa ne da bai bincika ba. Kaka ta buga sandarta a ƙasa. Ya gyara, ya ce laifinsa ne da bai so ya bincika ba. Aka daɗe ana magana daga can, shi yana cewa to, to, haka ne.

"Ba ni ita," in ji Kaka.

Ya girgiza kai.

"Ka ce mata matarka na son magana da ita."

Ya toshe wayar da hannu. "Ta san ba ni da aure."

"To ka ƙara mata da wannan, yau ranar faɗin gaskiya ce."

Ya kashe wayar ya sauke numfashi. "Ta ce in kawo wanki goma na gaskiya ranar Alhamis, ko me ya nuna. Maganar ɗayan kuma za mu yi ta ni da ita bayan taro."

"Tana da kai. Da namiji ce da na sake ka na aure ta."

Suka fita tsakar gida. Ya ɗauko mata kujera ya ajiye a inuwa, ya tari ruwa a baho, ya naɗe hannun riga, ya duba agogon hannunsa ya rubuta lokaci a 'yar takarda. Ya tsoma yankin ƙyallen, ya goga sabulu, ya fara shafa shi a hankali kamar mai wanke jariri.

"Wannan wanki ne ko lallashi?"

"Ina bi a hankali ne."

"Matan da za su sayi yadinka a hankali za su bi? Mace da kayan yara bakwai a gabanta da tukunya a wuta? Cuɗa shi. Haɗa gefe da gefe ka murza da gindin hannu. In zai mutu ya mutu a nan, a gidansu, ba a hannun baƙi ba."

Ya cuɗa. Shuɗin allin ya narke ya bi kumfa. Ya ɗauraye, ya matse, ya shanya a igiya, ya tsaya yana kallon ɗan ƙyallen yana ɗiga. Sannan ya sunkuya ya shinshina ruwan bahon, fuskarsa ta canja.

"Ruwan yana ƙamshi."

"Daɗi ko rashin daɗi?"

"Ban sani ba tukuna. Na farko dama yakan kwashe waɗanda ba su kama zare da kyau ba. In na biyu ma ya yi haka, to na shiga uku."

Ya ɗaga bahon ya nufi magudana.

"Ina za ka da shi?"

"Zubarwa."

"Ajiye."

"Ruwan wanki ne, Kaka."

"Na san ko ruwan me ne. Akwai jarka a bayan ƙofar kicin, juye mini a ciki. Da shi za a goge mini ɗaki."

Ya tsaya da baho a hannu, ruwa na zuba masa a ƙafar wando. Dariya ta ƙwace masa, har sai da ya ajiye bahon a ƙasa don kada ya kife.

"Kin ci, Amarya. Jarka ɗaya za ta isa?"

"Da sauran wanki tara a gaba? Ka leƙa maƙwabta ka aro mini biyu."